Lamba Goma Sha Tara

A ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a gidanmu na Bamberg,
inda sanyin Janairu ke kwana a jikin bango,
akwai ƙasar da na gina a kan tebur:
duwatsun kwali, kogin gilashi,
tasha mai agogon da bai taɓa motsi ba,
da dogo mai zagaye, ya bar gida ya dawo gida.

Shekara arba'in doka ɗaya ke mulki a nan.
In na murɗa makunni, kowa ya tashi,
in na mayar, kowa ya tsaya.
Jirgin kaya da na fasinja
igiya ɗaya ta ɗaure su, kamar awaki ranar kasuwa.

Ran Asabar na leƙa kantin Dettmer.
Ya zaro sabon kan jirgi daga akwati, ja wur, yana ƙyalli,
ya danna, abin ya yi tari, ya yi huci, ya busa usur,
har muryar mai shelar tasha tana cikin cikinsa.
"Yuro ɗari huɗu, Ottmar. Ka huta da wahala."
Na juya shi a tafin hannu. Ba nauyi.
Kyau kam akwai, amma bai san ni ba.

Na ce a ba ni 'yar ƙwaƙwalwar kawai,
wadda ba ta kai farcen babban yatsa ba,
da wayoyinta takwas, sirara kamar gashin masara.

Don akwai baƙin nan nawa na gida,
wanda mahaifina ya saya da albashin watan da aka haife ni,
ƙarfe zalla, fentinsa ya koɗe
daidai inda yatsu suka saba kamawa.
Da tsohuwar zuma ake magani.

Na kwantar da shi a kan tsumma, na buɗe cikinsa:
busasshen mai, ƙurar shekaru,
da gashin kyanwar da muka binne tun tuni.
Na ɗauki ƙarfen dalma, sai hannu ya ƙi.
Ido na gani, zuciya na so,
yatsu kuwa sun yi ritaya ba su faɗa mini ba.

Jikata Wiebke ta sauko da shayi,
ta dube ni, ta dubi hannun. "Kaka, matsa."
Ja da baƙi ta kai su ƙafafu,
ruwan lemo da ruwan toka ta kai su inji,
fari ga fitilar gaba, rawaya ga ta baya.
Hayaƙin dalma ya miƙe siriri,
na shaƙi warin rigar aikin mahaifina.

"Wace lamba za mu ba shi?
Duk da uku ake haifarsu, sai an raɗa musu suna."
Na ce goma sha tara.
Ba ta tambayi dalili ba, ni ma ban ce
lambar gidan da na fara hango kakarta ba ce,
tana shanya a baranda, da abin maƙale kaya a baki.

Ta kira shi.
Sauran jiragen suka yi tsit, ba da su ake ba.
Shi kaɗai ya ji sunansa.
Fitila ta kama, ya yi gurnani, ya ja numfashi,
ƙafafu suka juya a hankali, a hankali,
sai ga shi yana tafiya da baya.

Wiebke ta dafe kai. "Na musanya wayoyin inji!
Minti biyu in gyara."
Na riƙe hannunta. Bari tukuna.

Ya wuce tasha da baya, ya haye gada da baya,
ya shige ramin dutse,
fitilarsa na haska inda ya baro,
ba inda za shi ba.
Na san wannan tafiyar.

Gobe ma rana ce, a gyara shi gobe.
Shayi ya huce a kan rufin tasha.
A waje ƙanƙara na sauka,
mu kuwa muka tsaya a bakin ramin
muna jiran ya fito.